Jif na zamani a hannun bakaniken da bai san kwamfutarsa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in bayyana abin da na gani wajen sayen mota ƙirar jif, da kuma abin da ya biyo baya a gareji.

Hanyar unguwarmu takan gagari ƙaramar mota da damina, shi ya sa na sayar da tawa, na ƙara kuɗi domin in sayi mai tudu. Sabuwa dal ta fi ƙarfin ma'aikaci irina, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023, saboda haka tokumbo, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, ita ce sabuwarmu. Na yi kusan wata biyu ina zagaya dillalai, ina auna Toyota RAV4 da Highlander da Honda CR-V. Abu na farko da nake nema shi ne takardun kwastan, domin tun farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma wanda ya sayi ta fasa-ƙwauri shi ake tarewa a hanya, ba dillali ba. Na biyu shi ne lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda da ita ake bincika tarihin motar da aka shigo da ita daga Amurka a intanet. Wata Highlander mai sheƙi da na kusa biya, bincike ya nuna gwanjonta aka yi bayan ambaliya ta nutsar da ita. A ƙarshe RAV4 na saya.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne bayan wata huɗu, lokacin da injin ya fara ɗaukar zafi. Bakaniken da na kai wa bai jona na'urar binciken kwamfuta ba, bai kuma tuntuɓe ni ba. Sai ya cire tamostat ya yar, ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce na ƙasar sanyi ne, ba shi da amfani a Kano. Alhali aikin wannan ɗan ƙarfe shi ne ya riƙe injin a daidai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. Idan babu shi, injin kan daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar kuma ta yi ta ƙara masa fetur, a zamanin da aka cire tallafin fetur tun 29 ga Mayu 2023. Daga baya wani gareji ya gano lagireto ne kawai ya toshe. Na biya kuɗin gyara sau biyu, na kuma je kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa na sake sayen abin da aka yar.

Ba na ɗora wa kanikawa laifin duka. Da yawansu sun koyi sana'a ne a wurin iyayen gidan da suka ƙware a kan Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna, motar da kunne da sifana suka isa a gano ciwonta. Jif na yau kuwa na'urori ne ke gudanar da shi, har man giyarsa ma kowane kamfani da irin nasa.

Don haka ina kira ga hukumar NADDC mai kula da harkar motoci, da ƙungiyar kanikawa ta NATA, su faɗaɗa horo a kan na'urar bincike zuwa ƙananan garejin unguwanni, su kuma taimaka wa membobi su mallake ta da rangwame. Ina roƙon shugabannin gareji su wajabta rubuta wa mai mota abin da za a gyara da kuɗinsa kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, a bayyana masa ko kayan da aka saka sabo ne ko tokumbo, sannan a miƙa masa tsohon da aka cire.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano