Wasiƙa daga Manila zuwa ga Injiniya

Assalamu alaikum, Injiniya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da Hajiya. Wata huɗu ke nan ban rubuto ba, kuma ba zan fake da jarrabawa ba, tunda ka san halina. Abin da ya tayar da ni yau shi ne musun da muka yi a ƙofar gidanku daren da zan taho Filifin, inda ka rantse cewa duk ginin da babu rodi da siminti a cikinsa ba zai jure girgizar ƙasa ba. To, makon jiya na tsaya a gindin cocin Paoay, a lardin Ilocos Norte da ke arewacin tsibirin Luzon, ina dariya ni kaɗai saboda na tuna da kai.

Limaman Katolika 'yan ɗariƙar Agustin ne suka aza harsashinta a 1694, aka kammala a 1710, da jan bulo da duwatsun murjani da aka ɗebo daga teku. Masu yawon buɗe ido gabanta suke ɗaukar hoto, ni kuwa da na zagaya gefe sai na kasa tafiya. Manyan ginshiƙai 24 ne suka tokare bangon daga waje, kowanne kaurinsa ya haura mita ɗaya da rabi, suna gangarowa ƙasa kamar ƙato ya buɗe ƙafafu yana jiran kokawa. Hasumiyar ƙararrawa ma nesa kaɗan suka gina ta, don in ta faɗi kada ta faɗa wa masu ibada. Waɗannan magina ba su karanta littattafanka ba, amma sun san ƙasar da suke takawa.

A nan Manila ma akwai cocin San Agustin a cikin tsohuwar ganuwar Intramuros, wadda aka gama a 1607. Girgizar 1880 ta tsaga mata hasumiya ɗaya har aka sauke ta, shi ya sa yau take tsaye da guda, sannan a Yaƙin Duniya na Biyu, a 1945, da aka rugurguza kusan duk unguwar, ita ta rage. A cikinta aka binne Legazpi, Basifanen da ya kafa mulkinsu a Manila a 1571, a garin da Raja Sulaiman, wanda Musulmi ne, yake sarauta. Wannan ya sa na daɗe shiru a bakin kabarin. Haka cocin Miagao a lardin Iloilo, wadda aka gama a 1797, rabinta coci ce rabinta mafaka, domin a da daga hasumiyoyinta ake hangen jiragen ruwan mahara Musulmin kudancin ƙasar. Amma ka ga abin da masassaƙan garin suka yi a fuskarta: waliyyi Kiristofa ne ɗauke da jariri Yesu, yana riƙe da bishiyar kwakwa, ga gwanda da gwaba a gefe. Addinin baƙi ne ya zo, hannu kuwa na 'yan ƙasa ne, kuma a zamanin Sifaniyawa ana tilasta wa maza aikin gwamnati na kwana 40 a shekara, abin da masu yi wa baƙi jagora ba su cika ambata ba. Waɗannan uku, da ta Santa Maria a Ilocos Sur, su UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1993.

Kafin ka ce na ɓoye maka gaskiya, bari in ba ka naka rabon. Ranar 15 ga Oktoba 2013 girgiza mai ƙarfin maki 7.2 ta afka wa tsibirin Bohol, cocin Loon da ta Maribojoc suka zube ƙasa warwas, sai a 2021 aka gama sake gina su. Saboda haka ka ci rabin musun, amma tsiren da muka sa a kai ba zan biya ba.

Na ji labarin Yaya Babba yana shirin rushe zauren kakanku ya zuba bulo, kuma wai da shawararka. In gaskiya ne, ka dakatar da shi har in dawo da babbar Sallah, ina da hotunan Paoay da zan nuna masa. Ka gaishe da amarya.

Naka,
Abokin musunka