Manyan a-kori-kurar Amurka: a tambayi inji da shekara kafin a tambayi suna

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan manyan motocin a-kori-kura na Amurka da suka fara yawa a titunanmu, wato Toyota Tundra da Ford F-150 da Ram 1500 da Chevrolet Silverado da 'yar uwarta GMC Sierra. Ni bakanike ne a Kaduna, furfura ta same ni a ƙarƙashin mota. Yanzu abin da ake yayi shi ne Alhaji ya turo ɗansa gareji da waya a hannu, yaro ya nuna min bidiyon wani Bature yana gwada motocin, ya ce, "Baba, wacce za mu saya?" Baturen bai yi ƙarya ba. Sai dai a kan titin ƙasarsu ya yi gwajin, da man ƙasarsu, kuma in motar ta yi tari dilan kamfanin yana bayan gidansa. Shi ya sa nake so masu karatu su ji ta bakin wanda za a kawo wa motar idan ta tsaya.

In daɗin zama ake magana, Ram ce a gaba, ba na jayayya da kowa a kan wannan. Dalilin yana ƙarƙashinta. Tun 2009 suka cire sifirin mai falle-falle daga ƙafafun baya, irin wanda muka sani a tsohuwar a-kori-kurar Peugeot da aka riƙa haɗawa a nan Kaduna, suka sa sifirin mai murɗe irin na ƙananan motoci. Duk wanda ya taɓa zama a bayan a-kori-kura ba kaya ya san yadda take tsalle da mutum. Ram ba ta yin haka. Na bi hanyar Pambeguwa zuwa Saminaka a cikin wata ta mai gidana, ina kujerar baya da kofin shayi a hannu, muka faɗa ramukan da na san su tun ina yaron mota, shayin bai zube ba. Daga 2013 kuma suka sa mata giya mai hawa takwas ta kamfanin ZF na Jamus, wadda ba ka jin lokacin da take canjawa. A shekarar ne ma suka fara sayar da wasu masu balan-balan na iska a madadin sifirin, mota ta ɗaga kanta ta sauke kanta. Wannan kam ba na ba kowa shawarar ya saya a nan. Ranar da balan-balan ɗaya ta huje ko injin hura iskar ya mutu, mota za ta durƙusa, kuma ba kowace kasuwa za ka shiga ka samo kayan ba. Mai sifirin ɗin ƙarfe ta isa.

Tundra ta 2007 zuwa 2021 ba ta kai ta laushi ba. Sifirinta mai falle-falle ne, in ba kaya tana ɗan dukan ƙugu, cikinta kuma tsohon yayi ne, robobi masu tauri da manyan maɓallai. Amma mai ƙofa huɗun nan da suke kira CrewMax tana da faɗin kujerar baya da dattijo zai miƙe ƙafa da babbar riga ba takura, gilashin bayanta ma yana sauka gaba ɗaya kamar na ƙofa. F-150 da Silverado suna tsakiya, kuma ya danganta da wace iri ka samu, don akwai ta leburori mai kujerar roba, akwai ta masu kuɗi mai kujerar fata da ke sanyaya baya.

To, batun ƙarko shi ne ya sa na ɗauki biro, domin nan ne ake cutar mutane. Dillali zai ce maka "Toyota ce fa, Alhaji," kamar magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Tundrar da ta yi sunan nan ita ce mai injin V8, wato mai silinda takwas, musamman 5.7 da ya fito a 2007 da giya mai hawa shida. Inji ne mara turbo, ba ya kashe wasu silinda don tsimin mai, ba shi da wayo da yawa, kuma sun shafe shekara goma sha huɗu suna ƙera shi ba su sauya masa fasali sosai ba. A 2016 kamfanin ya karɓi wata Tundra ta 2007 mai injin 4.7 daga hannun wani direba a jihar Louisiana bayan ta ci mil miliyan ɗaya, wato kilomita miliyan 1.6, da injinta na asali, suka ba shi sabuwa, suka wargaza tsohuwar don su ga abin da ya riƙe ta. Abin da ya fi wannan labari amfani a wurinmu shi ne, injin 5.7 ɗin shi ne a cikin Lexus LX570 da Sequoia da wasu Land Cruiser. Ka san yawan LX570 a gidajen manya a ƙasar nan. Saboda haka famfon ruwa, filogi, koyil, matatar mai, bel, duk za ka samu a kasuwar Panteka a nan Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano, in ya gagara a aiko daga Ladipo a Legas, kuma yaran da suka san hannun injin suna da yawa. A wurina rabin ƙarkon mota ke nan, a samu kayanta a garin da ta tsaya.

Amma a 2022 Toyota ta ajiye V8 ɗin, ta sa V6 mai turbo biyu da giya mai hawa goma, ta kuma koma sifirin mai murɗe a baya. Daɗin zama ya ƙaru, shan mai ya ragu. Sai ga shi a watan Mayun 2024 kamfanin ya yi kiranyen motoci kusan 102,000, wato ya ce a mayar da su a gyara, Tundra da Lexus LX na 2022 da 2023, saboda ɓarɓashin ƙarfe da ya rage a cikin inji tun daga masana'anta, wanda kan iya cinye metal, wato abin da karanshaf ke juyawa a kai, har inji ya buga. Daga baya suka ce za su sauya injin kyauta. Madalla, amma a wurin dilolinsu na can. Idan motar ta riga ta tsallako teku ta sauka a Legas ko Kwatano ba a yi mata aikin ba, wa zai sauya maka?

Su ma General Motors, masu ƙera Silverado da Sierra, ba su tsira ba. A watan Afrilun 2025 sun yi kiranyen motoci kusan 600,000 a Amurka masu injin 6.2 na 2021 zuwa 2024, har da Silverado da Sierra da Escalade, saboda matsalar karanshaf da kwanrod. Injinsu na 5.3 kuwa tsohon soja ne mai ƙarfi da sauƙin aiki, sai dai tun wajen 2007 aka sa masa dabarar kashe silinda huɗu cikin takwas idan mota ta miƙe hanya, don a rage shan mai. Injin Hemi 5.7 na Ram ma yana da irin wannan dabara. Kanikawan Amurka da kansu sun daɗe suna kuka da liftocin waɗannan injuna, wato ƙananan ƙarafan da ke hawa kan kamshaf su buɗe bawul, su maƙale, su cinye kamshaf, ka ji inji yana ƙas-ƙas-ƙas. Hemi kuma filogi goma sha shida yake ci, biyu a kowace silinda, a lissafa da wannan ranar sabis.

A nan dole in tsaya in yi wa 'yan uwana kanikawa da masu juyen mai magana, don ba kullum laifin Bature ba ne. Matsin baƙin mai ne ke sarrafa liftocin nan, ta wasu ƙananan hanyoyi, shi ya sa aka rubuta a kan murfin zuba mai cewa siririn mai irin su 5W-20 ko 0W-20 ake so. An taɓa jawo min wata, ba zan faɗi kamfaninta ba don ba shi da hannu a ciki, tana ƙara tana girgiza, fitilar inji a kunne. Na kwance ƙusar kwandon mai, abin da ya fito ya yi kauri kamar kwalta, da ƙyar yake ɗiga. Da na ɗaga murfin saman inji, sai da na sa sukundireba na kankare dattin kafin in ga ƙarfe. Na tambayi direban, ya ce ai a bakin titi yake juye, mai kaurin nan 20W-50 ake zuba masa, wai an ce masa siririn mai ruwa ne, ba ya jure zafin Arewa. Ƙari a kan haka, wuni yake a bakin ofis da inji a kunne yana shan sanyin AC yana jiran oga. Injin da ke cin kusan lita takwas na mai mai tsada, in an ce za a yi masa arha, a wurin kamshaf za a biya.

Ford ita ce sarauniya a ƙasarta, F-Series, wato dangin F-150, ita ce a-kori-kurar da aka fi saya a Amurka tun 1977. Wannan yana nufin kayanta na hannu suna da yawa a can, in kana da mai turo maka. Amma a kula da abu biyu. Na farko inji. Tsohon 5.4 na 2004 zuwa 2008 an san shi da karyewar filogi wajen kwancewa, har kamfanin ya fitar da takardar umarni kan yadda za a cire shi. Injin EcoBoost mai turbo da suka kawo a 2011 yana da ja sosai, ya kuma fi V8 tsimin mai in ba kaya, amma yana son mai mai tsabta da sabis a kan kari, mu kuwa ba mu manta da gurɓataccen fetur ɗin da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022 ba. In ni ne, mai V8 5.0 zan nema. Na biyu bodi. Daga 2015 jikin F-150 alminiyam ne, shasi kaɗai ne ƙarfe, abin da ya rage mata nauyin kusan kilo 300. Wani yarona bai yarda ba sai da ya ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar sifika ya manna a ƙofa, ya faɗo ƙasa, ya sake mannawa a bodin baya, ya sake faɗowa, ya tsuguna ya kai shi shasi ya kama caraf. Alminiyam ba ya tsatsa, wannan riba ce. Amma ranar da mai Keke ya goge ka, fanel-bitan da ya saba da guduma da wutar gas ba zai iya mata ba, don da ribiti da gam aka haɗa ta. Ka tambayi wa zai gyara kafin ka biya. Nissan Titan kuwa an daina ƙera ta a 2024, ban ga dalilin da mutum zai ɗauko wa kansa neman kayanta ba.

Akwai kuma kuskuren da manoma da 'yan kwangila suke yi, su ga girman mota su ɗauka ta fi Hilux ɗaukar kaya. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda a manne a jikin ginshiƙi da ta faɗi nauyin da aka yarda ta ɗauka. Yawancin masu ƙofa huɗu tsakanin kilo 600 ne zuwa 900, kuma har da mutanen da ke ciki. Hilux da ake rainawa tana ɗaukar kusan tan ɗaya. Su waɗannan an yi su ne don jan tirela, jirgin ruwan shaƙatawa ko tirelar ɗaukar dawakai, suna jan fiye da tan huɗu. Bodin bayan ma gajere ne, bai cika mita biyu ba a yawancinsu. Ka zuba mutum biyar a ciki ka ɗora buhun masara goma daga Saminaka, ka wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba, kuma mai laushin nan ita za ta fara zama a kan gindinta. Sannan faɗinsu mita biyu ne, tsawo kusan shida. Wanda gidansa ke lungun Tudun Wada ya auna ƙofar gida tukuna.

Mai kuwa, tsohuwar Tundra da nake yabo ita ce ta fi kowa ci. Kilomita shida zuwa bakwai take yi da lita ɗaya, Kaduna zuwa Kano sai ka ƙona lita talatin da wani abu, ban da dawowa. Kafin 29 ga Mayun 2023 ba wanda ya damu. Yanzu da tallafi ya tafi, na san masu ita da sai ranar Juma'a ko ɗaurin aure suke fito da ita.

Abin da nake gaya wa 'ya'yan Alhazawan nan shi ne, in tafiyar Abuja ce a kan kwalta da iyali, kuma akwai mai kula da sabis da gaske, Ram mai sifirin ɗin ƙarfe za ta ba su daɗin da sauran ba su da shi. In motar za ta shiga daji ta yi nisa da gari, a nemi Tundra 5.7 ta 2021 zuwa ƙasa, a haƙura da dukan ƙugu da kuɗin mai. Ko wacce ce, a kwafi lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke gindin gilashin gaba, a duba tarihinta da kiranyenta a intanet. A shiga ƙarƙashi da tocila, don wadda ta fito daga jihohin ƙanƙara irin su Michigan da Ohio gishirin da suke zubawa a titi yana cin shasi. A ɗaga kafet a shinshina, a duba ƙasan kujera ko akwai busasshen laka, saboda motocin da ambaliya ta shanye, irin ta Houston a 2017, gwanjonsu ake yi a wanke a turo mana.

Edita, roƙona shi ne ka tura wakilinka Panteka da Ƙofar Ruwa ya tambayo kuɗin famfon ruwa da shoka da fitilar gaba na kowace ɗaya cikin motocin nan huɗu, da kwana nawa ake jira kafin a samu, ku buga mana a shafi guda. In ya zo Kaduna ya neme mu a gareji, za mu sa yaro ya zaga da shi.

Na gode. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani bakanike mai karanta ku,
Kaduna