Koke Kan Hayaƙin Da Muke Shaƙa Da Neman Izinin Auna Iskar Unguwanninmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Kansilan mazaɓarmu da Masu Unguwanni.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ban-girma da fatan alheri, mu mazauna unguwannin da ke tsakanin babban titi da tashar manyan motoci da jujin shara ne muka haɗu muka rubuto maka wannan takarda. Kukanmu a kan iskar da muke shaƙa ne, da kuma wata takardar neman izinin auna ta da aka shigar ofishinka, har yau ba a ce komai a kanta ba.

Wata malamar jami'a ce ta shigar da takardar. Fanninta kimiyyar iska, kuma abin da take bincike a kai shi ne ƙananan ɓurɓushin da ke shawagi a sararin birane. Ta nemi a ba ta dama ta kafa na'urorin awo a harabar makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi da sakatariya. Ba ta nemi ko kwabo ba. Wuri take so, da wutar da za ta riƙe na'urorin, da maigadin da zai riƙa sa musu ido. Ta zauna da mu ta yi mana bayani dalla-dalla, muka fahimci cewa maganar nan ta fi shafarmu a kanta. In aka hana ta nan, wani gari za ta nufa da kayanta. Mu kuwa a nan muke kwana, a nan 'ya'yanmu ke tari har gari ya waye.

Ranka ya daɗe, hayaƙin da ido ke gani ba shi ne ya fi cutarwa ba. Masana na kiran mafi haɗarin ɓurɓushin da suna PM2.5, wato wanda faɗinsa bai wuce maikiromita 2.5 ba. Silin gashin kan mutum ya ninka shi kauri wajen sau 30. Ƙura mai kauri hanci da maƙogwaro na tare ta, a fyace ta ko a tofar. Wannan kuwa wucewa yake yi har ƙuryar huhu, mafi ƙanƙantarsa ma ya shiga jini. Shi ya sa illarsa ba ta tsaya ga asma da tari ba, ta kai ga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kansar huhu, har da haihuwar jarirai marasa nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a shekarar 2019 kaɗai. A 2021 ta rage ma'aunin da take ganin bai kamata a wuce ba, daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska a matsakaicin shekara, da 15 a matsakaicin yini guda. Nawa ne a ƙofar makarantar 'ya'yanmu? Wannan ita ce tambayar da na'urorin nan za su amsa.

Mun sha jin ana cewa ai hazo ne, ƙura ce iska ke kwasowa daga nesa, ba laifin kowa ba ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce gaskiyar duka ba, kuma a nan ne aikin wannan malama ya fi burge mu. Bayan na'urar da ke ƙidaya yawan ɓurɓushin, akwai wata da ke zuƙo iska ta cikin farar takardar tacewa na tsawon yini. A kai takardar ɗakin gwaji, a auna nauyin abin da ya maƙale, sannan a tantance sinadaransa. Kowane tushe da tambarinsa. Ƙurar ƙasa na zuwa da sinadaran yashi da laka. Ƙona itace da ciyawa na barin fotasiyam. Injin dizal na barin baƙin kunkunniya. Ƙona taya na barin zinki, ƙona wasu robobi kuma kulorin. Har ma akwai ɓurɓushin da ba a matsayin ɓurɓushi ya fito daga salansa ba: iskar gas ce ta farar wuta ko ta naitirojin take fita, sai ta haɗu da wasu a sama ta daskare ta zama ƙwayoyi. In aka haɗa wannan da inda iska ta kaɗo da kuma sa'ar da awon ya yi sama, za a iya cewa kaso kaza daga juji yake, kaso kaza daga tasha, kaso kaza daga janareta, saura kuma ƙurar da ba mu da iko a kanta. Daga nan gardama ta ƙare, kowa ya san nasa.

Ta kuma warware mana wani abu da muka daɗe muna gani ba mu san dalilinsa ba. Da daddare ƙasa na yin sanyi, iskar da ke kusa da ita ta yi nauyi, mai ɗumi ta hau samanta ta danne ta. Duk hayaƙin da aka tayar a lokacin ba shi da hanyar tashi sama, sai ya kwanta daidai tsayin tagoginmu har rana ta ɗaga. To, da magariba ake cinna wa juji wuta, da asuba manyan motoci ke ɗumama inji, a daidai lokacin kuma yara ke tafiya makaranta. Yaro ya fi babba saurin numfashi, huhunsa bai gama ƙwari ba, kuma hancinsa ya fi kusa da bakin salansa.

Irin wannan dannewar iska ce ta rufe birnin Landan da hayaƙin kwal daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952. A lokacin an ƙiyasta mutum 4,000 ne suka mutu, binciken da aka yi daga baya ya kai adadin kusan 12,000. Sai bayan wannan asarar aka yi dokar tsabtace iska ta 1956. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kuma kisan hayaƙi ba lallai ya zo a mako guda ba. Binciken Jami'ar Harvard da aka wallafa a 1993 ya bi diddigin manya sama da 8,000 a birane shida na Amurka tsawon shekaru, ya gano cewa haɗarin mutuwa a birnin da ya fi gurɓata ya ɗara na wanda ya fi tsabta da kashi 26 cikin 100, ko bayan an cire tasirin shan taba.

Wasu sun raɗa mana cewa ana tsoron kada alƙaluman su fito su zubar wa hukuma mutunci. Muna roƙon kada a kalli abin ta nan. A farkon 2013 ƙasar Sin ta fara bayyana awon PM2.5 na birane 74 ga jama'a kai tsaye. A shekarar, matsakaicin birnin Bejin ya kai maikirogiram 89.5 a kowace kubik mita. Zuwa 2021 ya sauko 33. Ba awon ne ya share sararin ba, matakan da aka ɗauka ne, amma awon ne ya nuna inda za a sa hannu, shi ne kuma ya zama shaidar cewa an yi aiki. Shugaban da aka fara awo a zamaninsa, shi zai fara samun abin nunawa.

Saboda haka muna roƙon a amsa takardar malamar nan a rubuce, a ba ta wuraren da ta nema na tsawon shekara guda cur, domin awon wata ɗaya ko biyu ba ya nuna bambancin rani da damina. A kafa na'urorin kusa da tsayin da mutane ke numfashi, kada a kai su can ƙololuwar bene inda iska ta fi tsabta. Sakamakon kuma a riƙa liƙa shi a allon sanarwa na asibiti da makaranta cikin harshen da kowa zai gane, domin uwar mai asma ta san ranar da za ta tsare ɗanta a ɗaki. Muna so a haɗa malamar da ma'aikatan duba-gari biyu ko uku su koyi aikin, kada ilimin ya tafi ranar da ta kwashe kayanta.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar jiran sakamako. Ƙona shara da tayoyi a tsakiyar gidajen mutane cuta ce, an auna ko ba a auna ba. Sai dai muna faɗa da babbar murya cewa ba mu zo neman a kama talaka a ci shi tara ba. Yawancin masu cinna wutar nan maƙwabtanmu ne, kuma suna yi ne don shara ta taru ta toshe hanya babu motar kwasa. A fara turo mota a ranakun da kowa ya sani, sannan a kafa dokar hana ƙonawa, mu da kanmu za mu taya masu unguwanni tsare ta. Haka nan a zauna da shugabannin tasha a kan manyan motocin da ake bari a kunne a jikin katangar makaranta, a sama musu wurin tsayawa nesa da azuzuwa.

Muna neman a sa mana rana kafin zaman majalisar ƙaramar hukuma na gaba, mu zo da wakilanmu maza da mata, tare da malamar da shugaban makarantar da jami'in lafiya na asibitin, a tattauna a gabanka. Sunayenmu da sa hannunmu na cikin takardun da ke manne da wannan koke.

Allah ya taimake ka, ya ba ka ikon sauke nauyin jama'a.

Mu ne naka,
Mazauna unguwannin da abin ya shafa.