Godiya ga Asibitin Ƙashi na Dala, Kano

Zuwa ga Shugaban Asibiti da dukkan ma'aikata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne in yi muku godiya a bainar jama'a kan yadda kuka kula da gwiwar ɗana, wanda ya ji rauni a filin ƙwallo.

Ba buge shi aka yi ba. Ya kafa ƙafa zai juya, sai ya ji ɓas a cikin gwiwa, kafin magariba ta kumbura suntum. Dangi suka ce targaɗe ne, a kai wa mai ɗori, tunda hoton ƙashi bai nuna karaya ba. Sai da kuka sa aka yi hoton MRI, wanda ke nuna jijiyoyi da tsoka ba ƙashi kaɗai ba, aka ga jijiyar tsakiyar gwiwa ce ta tsinke, wadda likitoci ke kira ACL, mai hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar lokaci. Ni na so a shiga tiyata a makon nan, likita ya ce a'a. Ya ce idan aka taɓa gwiwa tana kumbure, ba ta miƙewa sosai, tana iya sandarewa bayan aiki. Sai ya tura mu sashen gashin ƙashi na wasu makonni, har kumburi ya saɓe, ƙafar ta miƙe, naman cinya ya yi ƙarfi.

Da yaro ya fara takawa ba ɗingishi, kawunsa ya ce to ai ya warke, a bari sai baɗi. A nan ma likita bai yarda ba. Ya ɗauko gwiwar roba daga kan teburinsa ya nuna mana guringuntsi biyu da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, kamar gammo a ƙarƙashin kaya. Duk lokacin da gwiwar ta gurɗe don babu jijiya, su ne ke shan wahala, musamman na ɓangaren ciki. Idan aka ja watanni da yawa, ga yaro matashi da ba ya zama wuri ɗaya, sai su yage, guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi ma ya fara cinyewa. Jijiya ana sake ta da wata da aka ciro daga bayan cinya. Guringuntsi kuwa jini ba ya isarsa sosai, in ya lalace da wuya ya dawo yadda yake, daga nan ne ciwon gaɓa ke kama mutum tun da ƙuruciyarsa.

An yi aikin, alhamdulillahi, an tarar guringuntsin lafiya lau. Ma'aikatan jinya da na gashi sun yi haƙuri da ɗokinsa, sun kuma gaya masa ƙiri-ƙiri kada ya yi zancen ƙwallo kafin wata 9. Ya ɓata rai, ni kam na ji daɗi.

Roƙona ɗaya, ku riƙa kai wannan bayani gidajen rediyo, don masu horar da yara a filayen unguwa su ji.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa asibitin nan ɗaukaka.

Naku,
Wani mahaifi daga Kano