Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugabar NAFDAC: a rubuta gyaɗa a jikin kilishi da yaji

Ranki ya daɗe, Farfesa Mojisola Adeyeye, barka da aiki.

Dokar rubutun jikin kayan abinci da hukumarki ta fitar a 2022 ta wajabta bayyana abubuwan da ke tayar wa wasu mutane borin jini, irin su gyaɗa, waken suya, madara, ƙwai, kifi da alkama. To amma a shiga kanti a Kano ko Kaduna a ɗauki ledar kilishi ko robar yaji. Sau da yawa nama, gishiri da kayan ƙamshi kawai za a gani a rubuce. Alhali da tunkuza ake haɗa labun kilishi, yajin tsire kuwa ƙuli-ƙuli ne jigonsa. Wanda jininsa bai jitu da gyaɗa ba, ɗan kaɗan ya ishe shi: leɓe ya kumbura, maƙogwaro ya toshe, numfashi ya sarƙe cikin mintoci. In ba a yi masa allurar adiranalin da wuri ba, ana iya rasa shi.

Ga kuma injin niƙa. Wanda ya markaɗa gyaɗa da safe shi zai niƙa garin kunun jarirai da rana, ba a kwance shi an wanke ba. Mai sana'ar kanta ba ta san abin da ya shiga garinta ba, gwaji kaɗai ke iya tonawa.

Gwajin ma sai an yi hattara. Suya da gashi suna canza furotin ɗin gyaɗa har ya yi wuyar narkewa a ruwan gwaji, don haka ELISA, gwajin da ke neman furotin ɗin gyaɗa, kan nuna ƙasa da abin da ke cikin ƙuli-ƙuli ko kilishi. Sai an gwada kayan aikin a kan irin abincinmu tukuna, a kuma tabbatar da sakamakon ta hanyar PCR, gwajin da ke neman ƙwayar halittar gyaɗa.  Sannan ɓarɓashin gyaɗa ba ya watsuwa daidai cikin buhu, ɗiba ɗaya daga sama ba hujja ba ce. A ɗebo sama, tsakiya da ƙasa, a niƙe tare.

Muna roƙonki, kada a ba kilishi, yaji ko garin kunu lambar NAFDAC sai an ga gyaɗa a rubuce da manyan baƙaƙe. Ɗakin gwajinku na Kaduna ya riƙa sayo kaya daga kanti yana gwadawa, a fitar da sakamakon kowa ya gani. A ƙara layi ɗaya da Hausa, "akwai gyaɗa a ciki", domin uwar da ba ta karanta Turanci.