An ba ni takardar neman bayani a kan waya, ga shef, wato shugabanmu, yana kallon ƙwallo a ofis

Assalamu alaikum Hajiya, Allah ya ƙara basira.

Shekarata shida ina aikin karɓa da biyan kuɗi a wani banki a nan Garwa, ƙasar Kamaru. Tun bara aka toshe mana Facebook da WhatsApp a kwamfuta, aka ce mu da ke gaban kanta kowa ya kulle wayarsa a durowa har a tashi. Wai gudun kada a ɗauki hoton asusun mutane ya faɗa hannun 'yan damfara. Ban ƙi wannan ba.

Ranar 26 ga watan jiya, albashin ma'aikatan gwamnati ya sauka, layi har bakin titi, ƙanena ya yi ta kira daga Marwa: jinin Inna ya hau, suna kantin magani ba kuɗi. Na sunkuya ƙarƙashin kanta na tura masa sefa dubu 15 ta Orange Money. Minti biyu bai cika ba. Kyamara ta gani, washegari takarda ta iso.

Hajiya, na hau sama kai amsa, na tarar da shef da mai kula da bashi sun haɗa kai a kan kwamfutar ofis, suna kallon wasan Coton Sport, ga shayi yana tururi. Ko rufewa ba su yi ba. Su intanet ɗinsu a buɗe yake. Tuwon girma miyarsa nama, ko?

Sai dai ni ma ba zan ɓoye miki ba. Kafin a toshe, a kwamfutar nan nake tallan atamfa, har a gaban mai jira. Raina bai taɓa ce mini laifi ba ne. Dokar aiki ta 1992 awa 40 ta ce a mako, mu kuwa sai bayan magariba muke gama haɗa lissafi, ba a biyan ko dala, in kuɗi ya yi giɓi kuma daga albashina ake cira. Sai na ɗauka ramuwa ce. Mijina ya ce cin amana ne, ko ana cutata.

Shin da gaskiyarsa? Kuma amsar da na rubuta tana jakata, ban miƙa ba, jibi wa'adin zai cika. In ba da haƙuri kawai, ko in ambaci abin da idona ya gani a sama? Wakilin ma'aikatanmu ya ce zai raka ni, amma shi ma shef ne ke sa hannu a takardar hutunsa.

Taki,
Wata ƙanwarki daga unguwar Yalwa, Garwa