A Fara Gina Gida A Kwamfuta Kafin A Haƙa Harsashi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan sana'ata ta kula da aikin gini, wadda na daɗe ina yi a nan Tawa.

A bara an kira ni in duba wani gidan bene da ake ginawa, sai na tarar da mai aikin famfo da guduma a hannu yana fasa ginshiƙin da aka zuba wa kankare makonni uku da suka wuce, har rodi ya fito fili, wai yana nema wa bututun ruwa hanya. Da na tambaye shi dalili, sai ya miƙo mini takardar da aka ba shi, kuma lallai babu ginshiƙi a cikinta. Mai zanen gidan da injiniya da mai aikin lantarki kowa da tasa takardar yake aiki, ba wanda ya ga ta ɗan'uwansa. A ƙarshe mai gida ne ya sayi siminti sau biyu.

Irin wannan asara ce tsarin da ake kira BIM a taƙaice yake magancewa. Ana gina gidan gaba ɗaya a cikin kwamfuta da manhajoji irin su Revit ko ArchiCAD, kowane bango da kaurinsa da abin da za a yi shi da shi, kowane bututu da waya a mazauninsu, kuma duk masu aikin a kan siffa guda suke sa hannu. Idan bututu ya ci karo da ginshiƙi, tun a allon kwamfuta za a gani, kafin a jiƙa ko buhu ɗaya. Manhajar tana kuma fitar da adadin bulo da rodi da kankaren da aikin zai ci, abin da ke toshe ƙofar aringizo a lissafi. Gwamnatin Ingila ta wajabta tsarin a manyan ayyukanta tun 2016.

Sai dai abin da ya fi damuna ya wuce fasa ginshiƙi. Mun rungumi bulon siminti da rufin kwano, alhali kowa ya san yadda ɗakin kwano yake komawa tanda a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, har mutane su kwashe tabarmi su kwana a tsakar gida. Ga shi sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar carbon dioxide da ke ɗumama duniya. Ba ina cewa a rufe masana'antar siminti ta Malbaza ba ne, domin harsashi da ginshiƙi suna buƙatarta. Amma a jiharmu Falke Barmu ya gina masallacin Yama da ƙasa, har ya samu kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1986, kuma a Dandaji Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da ake matsewa da inji, suka mai da tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya yi.

Matsalar ita ce, da ka ambaci ginin ƙasa sai mai gida ya tuna ambaliyar Yamai ta 2020 da gidajen da suka zube, kuma ban ga laifinsa ba. A nan ne siffar kwamfuta za ta yi mana aiki, domin da ita ana iya nuna masa tudun filin da inda ruwa ke bi, da tsayin da ya kamata harsashin dutse da siminti ya kai kafin a ɗora tubali, da yadda indararo zai nisanta ruwa daga bango. Ana iya juya gidan a gwada inda rana za ta buga da inda iska za ta shiga, a kwatanta masa zafin ɗakin ƙasa da na bulo da alƙaluma. Gani ya kori ji.

Na san manhajojin suna da tsada, kuma mai gina ɗaki biyu ba zai ɗauki injiniya ba. Saboda haka nake kira ga hukumomi su fara da nasu ayyukan, wato azuzuwa da ɗakunan shan magani, su sa gabatar da siffar kwamfuta cikin sharuɗɗan ba da kwangila, sannan makarantun koyon sana'a su riƙa koya wa ɗalibai ita tare da buga tubalin ƙasa a aji guda.

Wassalam,
Wani mai kula da aikin gini, Tawa